Ƙaramar Jam'iyya da Tambayar da Ta Bari a Khartum

Masu shimfiɗa littattafai a ƙasa sun watse daga tsakiyar Khartum. Duk wanda ya san Kasuwar Larabawa kafin 15 ga Afrilun 2023 ya san su. Da hantsi za ka tarar sun baza hajarsu a inuwar barandar shaguna da gefen Babban Masallaci, an ɗora ɗan dutse a kan kowace mujalla don kada iska ta kwashe ta. Kusa da su mai shayi na zaune a kan 'yar kujerarta, gahawa na tafasa da citta, hayaƙin turaren wuta na gauraya da ƙura da warin tsohuwar takarda. A shimfiɗa guda za ka ga tafsiri, ga diwanin waƙa, ga littafin Lenin da aka fassara da Larabci aka buga a Mosko, ga tsohuwar mujallar ƙasar Sin da hoton manoma a bango. Mutanen garin suna alfahari da wata magana da aka daɗe ana yi, cewa Alƙahira ce ke rubutawa, Beirut ta buga, Khartum ta karanta.

Yaƙin da ya ɓarke a wannan rana tsakanin sojoji da dakarun RSF ya kwashe mutane daga wannan wuri, ya kuma ci takarda yadda ya ci rayuka. An wawashe gidan tarihi na ƙasa. A Omdurman, ɗakin karatun Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ya ƙone da tarin takardun da aka shafe shekaru ana adanawa. Manyan jam'iyyu za su iya jure irin wannan asara. Jam'iyyar Umma tana da ƙubbar Mahadi da zuriya da mabiya masu riƙe da labarinta a ka. Ƙananan ƙungiyoyi kuwa duk abin da suka mallaka takarda ce, sai kuma 'yan tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa nake son in waiwayi ɗaya daga cikinsu, wadda ko a Sudan ba kowa ne ke tuna sunanta ba: Jam'iyyar Kwaminis ta Sudan, ɓangaren Alƙiyadatus Sauriyya, wato masu kiran kansu jagorancin juyin juya hali, waɗanda suka ɓalle daga uwar jam'iyya a 1964.

Uwar jam'iyyar ta fara ne a 1946 a matsayin ƙungiyar neman 'yancin ƙasa, a hannun ɗaliban da suka ɗebo aƙidar gurguzu a Masar. Ta yi sa'ar samun ƙasa mai albarka a wurare uku. Na farko Atbara, hedikwatar reluwe, inda ma'aikata suka yi yajin aikin 1947 har Turawan mulkin mallaka suka amince da ƙungiyarsu. Na biyu gonakin audugar Jazira, waɗanda madatsar ruwan Sinnar ke shayarwa tun 1925. Na uku makarantu da kulob-kulob na 'yan boko a Khartum da Omdurman. Daga 1949 ragamarta ta koma hannun Abdul Khaliƙ Mahjub, haifaffen Omdurman, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Jaridarta, Al-Midan, ta fara fitowa a 1954. Lokacin da Janar Ibrahim Abbud ya ƙwace mulki a 17 ga Nuwamban 1958 ya haramta jam'iyyu, 'yan gurguzu sun riga kowa iya aikin ɓoye. Ana gurza takardu da dare a wani ɗaki na cikin lungu, tawada ta ɓata yatsu, da asuba a tsinci takardun a ƙofar masallaci, a tashar mota, a aljihun teburin akawu.

A cikin wannan zaman ɓoye ne saɓanin ya taso. Tun 1961 shugabannin jam'iyya suka tsayar da cewa hanyar kawar da Abbud ita ce yajin aikin gama-gari na siyasa, ma'aikata da likitoci da lauyoyi da malamai su nannaɗe hannu har gwamnati ta tsaya cik. A 1963, da sojoji suka shirya zaɓen wata majalisar tsakiya ta jeka-na-yi-ka, sauran jam'iyyu suka ƙaurace, su kuwa 'yan gurguzu suka shiga, da hujjar cewa kowace kafa aka samu ta isar da magana ga jama'a a yi amfani da ita. Wasu daga cikin jigogin jam'iyyar, a gaba-gabansu Ahmad Shami da Yusuf Abdul Majid, suka ga wannan a matsayin sassauci ga mulkin soja. A ganinsu mai bindiga ba ya sauka sai ya ga bindiga, kuma juyin juya hali na gaskiya daga karkara zai taso, daga hannun manoma, yadda Mao ya yi a Sin. Wannan ya zo daidai da lokacin da Mosko da Bejin suka fito fili suna zagin juna, rigimar da ta tsaga jam'iyyun gurguzu daga Indiya har Brazil. Uwar jam'iyya ta tsaya da Mosko. Masu ƙorafi suka karkata ga Bejin, aka kore su, suka kafa tasu.

Ba a daɗe da wannan rabuwa ba tarihi ya yanke hukunci a kan gardamar, kuma ya yanke shi da sauri. A daren 21 ga Oktoban 1964 'yan sanda suka afka wa wani taron ɗalibai a Jami'ar Khartum inda ake tattauna yaƙin Kudancin Sudan, suka harbe ɗalibi Ahmad Alƙurashi. Washegari jana'izarsa ta zama zanga-zanga. Alƙalai da lauyoyi suka fito, aka kira yajin aikin gama-gari, jiragen ƙasa suka tsaya, ofisoshi suka zama kufai. Cikin mako guda Abbud ya rushe majalisar sojojinsa, a tsakiyar Nuwamba shi ma ya sauka. Mutanen da ba su riƙe ko sanda ba sun kayar da janar. A gwamnatin riƙon ƙwarya ta Sirrul Khatim Alkhalifa, shugaban ƙwadago Shafi'u Ahmad Asshaikh ya zama minista, haka ma Al'amin Muhammad Al'amin, shugaban manoman Jazira. Sabuwar jam'iyyar da aka kafa a kan cewa yajin aiki ba zai wadatar ba ta buɗe ido ta ga yajin aiki ya wadatar.

A watan Oktoban nan ne kuma, can yamma a ƙasarmu, 'yan Sawaba na Djibo Bakary suka gwada ɗaya hanyar. Samari da aka horar a Sin da Aljeriya da Gana suka tsallako cikin Nijar da makamai, suna sa ran talakawa za su tashi su bi su. Gwamnatin Diori Hamani ta murƙushe su cikin 'yan makonni, aka harbe wasu a bainar jama'a, wasu suka ƙare a kurkuku. Wata guda, ƙasashe biyu, hanyoyi biyu, kuma sakamakon a bayyane yake.

Alƙiyadatus Sauriyya ba ta taɓa girma ba. Ba ta ci kujera a majalisa ba, ba ta kuma kunna yaƙin karkarar da take wa'azi ba. Ƙasar da ta ɗauka alƙibla ma ba ta tsaya mata ba. A Janairun 1964 Zhou Enlai baƙon Abbud ne a Khartum, a watan Mayu kuma Abbud ya je Bejin aka karɓe shi da girma. Bayan Ja'afar Numeiri ya hau mulki a 25 ga Mayun 1969, Sin ta zama aminiyarsa, kuma ta ci gaba da zama aminiyarsa bayan ya zubar da jinin 'yan gurguzu. Ita ta gina masa Zauren Abota a bakin Shuɗin Nilu, aka buɗe shi a 1976. Manyan ƙasashe da gwamnatoci suke hulɗa, masu gurza takarda a lungun Omdurman da sunansu kuwa ko oho.

Ita ma uwar jam'iyyar nasarar Oktoba ba ta yi mata tsawon rai ba. A zaɓen 1965 ta samu kujeru 11 tare da magoya bayanta, a mazaɓun da aka keɓe wa masu ilimin boko, kuma a cikinsu Fatima Ahmad Ibrahim ta zama mace ta farko a majalisar Sudan. A Nuwamban shekarar, wani ɗalibi ya furta kalaman ɓatanci ga iyalan gidan Manzon Allah (SAW) a wani taro a Kwalejin Horon Malamai ta Omdurman. Jam'iyya ta ce ba ɗanta ba ne, ta kuma yi tir da maganar, amma gari ya riga ya ɗau zafi. Majalisa ta gyara tsarin mulki, ta haramta jam'iyyar, ta kori wakilanta. Kotu ta ce korar ta saɓa wa doka, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, har Alƙalin Alƙalai Babikir Awadallah ya ajiye aiki a 1967. Duk da haka mutanen Omdurman ta Kudu suka zaɓi Abdul Khaliƙ a 1968. A 1970 jam'iyyar ta sake tsagewa, Ahmad Sulaiman da Mu'awiya Ibrahim suka zaɓi tafiya da Numeiri. Sai ranar 19 ga Yulin 1971, hafsoshi masu alaƙa da jam'iyyar ƙarƙashin Hashim Al'ata suka kifar da Numeiri na kwana uku. Gaddafi ya tilasta wa jirgin saman Ingila da ke ɗauke da jagororin juyin mulkin biyu, Babikir Annur da Faruƙ Hamadallah, sauka a Libiya, ya miƙa su. Kafin watan ya ƙare an harbe hafsoshin, an rataye jigogin jam'iyyar, Shafi'u da Joseph Garang da Abdul Khaliƙ, a kurkukun Kobar. Jam'iyyar da ta kori 'ya'yanta saboda sun ce a ɗauki bindiga, bindiga ce ta yi sanadin karyewar ƙashin bayanta, kuma har yau ba ta koma yadda take ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce 'yan ɓallewar 1964 sun yi kuskure, a rufe littafi. Ni dai ina ganin sun kuskure hanya, amma sun ɗora yatsa a kan ciwo na gaske. Yusuf Abdul Majid yana cikin waɗanda suka yi aiki a tsakanin manoman Jazira tun farkon shekarun 1950, ya kuma bar ɗan littafi a kan 'yan ƙwadagon karkara. Wanda ya zauna a Jazira ya san cewa kalmar manomi ta rufe mutum biyu. Akwai mai riƙe da gonar hukuma, wanda sunansa ke cikin rajista, yake da ƙungiya, har shugabansa ya zama minista. Akwai kuma wanda ke yi masa noma da cirar auduga, mazaunin kanabi, wato unguwannin bukkoki a gefen magudanan ruwa, ba shi da gona, ba shi da takardar fili, sau da yawa ba makaranta ba asibiti. Mutanen kanabi 'yan Darfur ne da 'yan Chadi, da kuma namu: Hausawa da Fulani da Barebari, jikokin alhazan da suka taka da ƙafa zuwa Makka guzuri ya ƙare musu a hanya, da jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, irin jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno da suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Juyin Oktoba na 'yan birni ne, na masu albashi da digiri. Har ƙuri'a ta musamman aka ware wa mai ilimin boko. Mai cirar auduga bai samu komai a rabon ba. Tun ma kafin nan, a Fabrairun 1956, ƙasa na da 'yan makonni da samun 'yanci, manoman gonar Joda kusan 200 suka mutu saboda rashin iska a wani ɗakin bariki a Kosti inda aka cusa su bayan sun nemi haƙƙinsu. Tambayar ƙaramar jam'iyyar ita ce, wa zai yi magana da yawun waɗannan? Wannan tambaya ta fi jam'iyyar daɗewa a duniya.

Idan dattawan Omdurman suka tuna wancan zamani, abin da suka fi ambata shi ne zama da juna. Bayan la'asar a yayyafa ruwa a ƙofar gida don ƙura ta kwanta, a fito da gadajen igiya, a kawo shayi da madara. Ɗan Ansar da ɗan Khatmiyya da ɗan Ikhwan da ɗan gurguzu, galibi 'yan gida ɗaya ko surukan juna, su yi ta musu har a kira magariba, su tashi su bi liman guda. Wanda ka zaga a jarida da safe, idan aka yi masa rasuwa da yamma, kai ne a gaba wajen ɗaukar makara, domin zumunci a ƙafa yake. Ma'aikacin reluwe mai katin jam'iyya yana azumi, yana zuwa zikirin Hamad Annil ranar Juma'a, bai ga abin da ya raba wannan da neman ƙarin albashi ba. Mutane suna rabuwa a kan takarda mai shafi talatin da suka karanta suka ja layi a ƙarƙashin jimlolinta. Wannan asara ce ta gaske, kuma ina jin zafinta: zamanin da matashi zai sadaukar da aikinsa da 'yancinsa saboda ya gamsu da wata hujja.

Amma Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma bana mai ɗaci tana sa a manta da ɗacin bara. Wancan zama na ƙofar gida na 'yan tsakiyar Nilu ne. A daidai lokacin da ake shan shayi a Omdurman ana ƙona ƙauyuka a Kudu. Bahaushen da aka haifi kakansa a Sudan ana ce masa baƙo, ana tambayarsa takardar zama ɗan ƙasa. Su kansu 'yan gurguzun ba su iya saɓani a cikin gida ba. An san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a wurinsu duk wanda ya ce a gyara sai a laƙaba masa suna, a kore shi, tsofaffin abokai su daina gaishe shi. Haka aka yi wa Awad Abdurraziƙ a farkon shekarun 1950, haka aka yi a 1964 da 1970. Alkhatim Adlan ya fita a shekarun 1990 ya kafa tasa ƙungiyar, a 2016 kuma aka kori Shafi'u Khidir. Tsakanin babban taron jam'iyya na huɗu a 1967 da na biyar a Janairun 2009 an haura shekara 40, kuma a Zauren Abota da Sin ta gina aka buɗe na biyar ɗin. Mu ma ba baƙin wannan hali ba ne. Wanda ya ga yadda PRP ta Malam Aminu Kano ta dare gida biyu a 1980, 'yan santsi da 'yan taɓo, ya san yadda masu neman 'yancin talaka ke iya ƙare ƙarfinsu a kan junansu alhali talakan na tsaye yana jira.

Akwai kuma abin da aka samu wanda mutanen 1964 ba su yi mafarkinsa ba. Boren da ya tashi a Disamban 2018, wanda Atbara ta sake zama a sahun gabansa, ya kawar da Umar Albashir a 11 ga Afrilun 2019 da irin makamin Oktoba, wato tattaki da yajin aiki da zaman dirshan. Sai dai a wannan karo jagorancin ya bazu cikin kwamitocin unguwanni, a Burri da Abbasiyya da Kalakla da Haj Yusuf, babu wani kwamitin tsakiya da zai kori kowa. Mata sun cika tituna, 'ya'yan Darfur da na Duwatsun Nuba suna tsakiyar fili, matasan Khartum suna rera cewa duk ƙasar Darfur ce. Da yaƙi ya zo, waɗannan matasan ne suka koma ɗakunan agajin gaggawa, suka farfaɗo da tsohuwar al'adar takiyya ta shehunan ɗariƙa, suna dafa wake a manyan tukwane suna ciyar da unguwa a ƙarƙashin ruwan harsashi. Ba su karanta ƙasidu kamar kakanninsu ba, amma sun fi su sanin yadda ake aiki tare da wanda ba ku yarda a kan komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda burin ƙaramar jam'iyyar ya cika ta mummunar fuska. Sun yi fatan ranar da bindiga za ta taso daga karkara ta shigo birni. Ta shigo. Ta shigo a bayan motoci ƙirar a-kori-kura, a hannun samarin da talauci da watsi suka mayar sojojin haya, ƙarƙashin shugabanni masu haƙar zinariya, ba tare da wata manufa ta raba gona ko gina makaranta ba. Gadar Shambat da ke haɗa Omdurman da Bahri ta karye a Nuwamban 2023, miliyoyi sun bar gidajensu. Kuma talakan karkarar da aka ce za a 'yanta shi ne ya fi kowa shan wuya. A 2022 rikicin jihar Shuɗin Nilu, wanda ya taso bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautarsu ta gargajiya, ya ci ɗaruruwan rayuka. A Janairun 2025, lokacin da sojoji suka ƙwato Wad Madani, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ba da rahoton kashe-kashen da aka yi wa mazauna kanabi, har da na Kambo Tayba, bisa zargin sun goyi bayan abokan gaba. Mutumin da ba shi da takardar fili a lokacin zaman lafiya, shi ne wanda ba shi da mai kare shi a lokacin yaƙi.

Sojoji sun koma fadar shugaban ƙasa a Maris na 2025, mutane sun fara komawa suna share gidajensu. Za a sake gina gadoji, za a sake rubuta tarihi, kuma manya ne za su fara riƙe alƙalami. Ina ganin akwai aiki biyu da ke kanmu, musamman mu da muke da dangi a Mai Wurno da Gadarif da Kasala da unguwannin kudancin Khartum. Na farko, a zauna da tsofaffin da suka rage, waɗanda suka ciri auduga da waɗanda suka raba takardu da dare, a naɗi maganarsu tun suna da rai, har da ta waɗanda suka sha kaye a gardama, domin al'ummar da ta adana labarin masu nasara kaɗai ba za ta san inda aka bar gyara ba. Na biyu, duk lokacin da aka zauna teburin sasanta Sudan, a tabbatar maganar mutanen kanabi tana cikin abin da za a tattauna: fili, da takardar zama ɗan ƙasa, da makaranta, da ƙuri'a mai daraja daidai da ta kowa. An shekara 60 ana ɗage wannan magana, kuma kowane ɗagewa da jini aka biya shi.